Ni, Kai, Ke, Mu: Abubuwan Mamaki Daga Bakin Mutanen Agege

Tun da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, goro ke hawa Arewa, shanu da mutane ke gangarowa Kudu, Agege kuwa ta zama zango. Ƙasar Yarbawan Awori ce, amma yau Bahaushen da aka yanke wa kakansa cibi a nan ba abin nema ba ne. Daga Zango zuwa Isale Oja, daga gadar Pen Cinema zuwa mayankar Oko-Oba, kafin azahar kunne ɗaya zai ji Hausa da Yarbanci da Fulatanci da Zabarmanci da Barbarci da Turancin buroka. Mai koyon harshen maƙwabci yakan fara da sunayen kaya da ƙirgen kuɗi, kuma yakan iya su da wuri. Inda ake tuntuɓe shi ne 'yan ƙananan kalmomin da malaman nahawu ke kira wakilan suna: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. Ba su cika baki ba, amma a cikinsu kowace al'umma ta ajiye ladabinta da kunyarta da wanda ta ɗauka nata.

Namiji ne ko mace?

Bahaushe ba shi da damar yi wa mutum guda magana sai ya tantance jinsinsa: kai ko ke, ka zo ko kin zo, naka ko naki. A cikin maƙwabtansa na Agege babu mai ɗauke da wannan nauyi. Bayarabe *ó* yake cewa, ko namiji ko mace ko mota. Bafulatani *o*, mai buroka *e*. Bayarabe na iya ba ka dogon labari a kan wani da suka gamu a tasha, ya kai ƙarshe ba ka san namiji ne ko mace ba. Bahaushe kuwa jimlar farko ta tona asiri. Saboda haka in Bayarabiya mai buredi da ta iya Hausa ta ce maka "matarka ya zo ɗazu", kada ka ɗauka rashin kula ne. Harshen da ta sha a nono bai taɓa yi mata wannan tambaya ba.

Da an wuce mutum guda, Hausa ma sai ta saki: mu, ku, su, babu namiji babu mace. Larabci bai saki ba, yana da *antum* na maza da *antunna* na mata.

A ƙasar Sin, shi da ita duk *ta* ake furtawa, kuma sai wajajen 1920 marubuci Liu Bannong ya yaɗa wani harafi na daban domin mace, a takarda kawai. Mutanen Suwidin kuma akasin haka suka nufa: suna da *han* da *hon*, amma a 2015 ƙamus ɗin hukumar harshensu ya karɓi *hen*, wadda ba ta nuna jinsi.

Inda kowa ke ajiye girma

Nan ne aka fi ɓata wa juna rai ba da niyya ba. Bayarabe ba ya ce wa babba *o*, wato kai ko ke. *Ẹ* yake ce masa, wato ku. Godiya ga sa'a *o ṣé*, ga dattijo *ẹ ṣé*. Saurayin da ya sauka Legas jiya, ya tsinci *o ṣé* a bakin tsararrakinsa, ya je ya faɗa wa tsohon da ya ba shi hayar ɗaki, ya yi rashin kunya yana tsammanin ya yi ladabi. Ko a bayan ido ma babba jam'i ne. Yaron da mahaifinsa ya aiko zai ce *wọ́n ń pè ọ́*, suna kiran ka, alhali mutum ɗaya ne ke kiran. Har cikin Turancin 'yan Legas wannan ɗabi'a ta bi su.

Je ka fadar Sarkin Hausawan Agege ka saurara. "Ranka ya daɗe." "Allah ya taimake ka." *Ka* ɗin da ake ce wa yaro ita ake ce wa sarki. Bahaushe ya kwashe girman ya zuba shi a cikin laƙabi da addu'a da durƙuso da tube takalmi da sassauta murya. Wurin da harsunan biyu suka haɗu shi ne gaban Ubangiji: Bahaushe na cewa Kai, Bayarabe na cewa *ìwọ*, duk tilo.

Amma kada a ce Hausa ba ta da tata hanyar. Yarinya mai tarbiyya takan leƙo ta ce, "Yaya, su Baba sun fito?" tana nufin mahaifinsu shi kaɗai. Sai kuma babbar hanyar, wadda ni a wurina ta fi komai kyau a nahawun Hausa, wato *a*. "An tashi lafiya, Alhaji?" "An zo lafiya, Hajiya?" "A yi haƙuri." "A sauka lafiya, a gai da mutan gida." Kana magana da mutum ido da ido, amma ka ƙi nuna shi da baki. Masana irin su Paul Newman, mai babban littafin nahawun Hausa na 2000, da Philip Jaggar, mai na 2001, suna lissafa wannan *a* a matsayin mutum na huɗu, bayan mai magana da wanda ake yi wa da wanda ake yi a kansa. Ita kaɗai ce ba ta tsayawa da ƙafarta: ana cewa ni ne, kai ne, su ne, amma ba mai cewa "a ne".

Aikinta bai tsaya ga gaisuwa ba. In rikici ya tashi tsakanin dillali da mai shanu aka kai gaban dattijo, ba zai ce "ka ci amana" ba. Cewa zai yi, "An yi kuskure, a gyara, a bar maganar." Kowa ya san wanda ya yi, shi ma ya san an sani, amma an bar masa mutuncin da zai fita da shi kasuwa gobe.

Turawa ma sun sha fama a nan. Da can Ingilishi na da *thou* na mutum ɗaya da *you* na jama'a da manya. A ƙarni na 17 mabiyan wani mai wa'azin kirista, George Fox, suka ƙi ce wa kowane mutum guda *you*, ko alƙali ne, don a ganinsu ɗaukaka ɗan Adam ne, suka kuwa sha duka a kan haka. Daga baya *you* ta cinye fagen. A Suwidin, a 1967, Bror Rexed ya kama shugabancin hukumar lafiya ya sanar cewa *du* zai riƙa ce wa kowane ma'aikaci, cikin 'yan shekaru ƙasar ta bi. Faransanci har yau na riƙe da *tu* da *vous*, kamar yadda ɗan Maraɗi ko Damagaram da ya yi lakwal zai gaya maka. Sarkin da ya haɗe ƙasar Sin a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kuwa keɓe wa kansa kalmar *zhen* ya yi, wadda a da kowa ke amfani da ita a ma'anar ni.

"Shi"

Matar da ke alkunya ba ta kama sunan mijinta. "Shi ne ya ce in jira." Babu mai tambayar ta wane shi. Haka uwa da ɗan fari: "yaron nan", "wannan", "shi wancan". A littafi an ce wakilin suna na zuwa ne bayan an ambaci sunan. A irin waɗannan gidaje sunan ba zai taɓa fitowa ba har abada.

Ni ɗin wa?

A Zabarmanci *ni* na nufin kai ko ke. In Bazabarme zai ambaci kansa *ay* yake cewa. A Sinanci ma *ni* kai ne. A Barbarci kuma *shi* ta haɗa namiji da mace.

Saƙon waya mai fuska biyu

Ɗan kasuwa a Mile 12 ta Legas ya rubuta wa ƙaninsa a Kano: "Ka tura kuɗin." Labari ne ko umarni? In aka ja wasalin da sauti sama, an riga an tura. In aka gajarce shi aka sauke murya, cewa ake a tura. A baki ba mai ruɗewa, amma rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. "Ya zo" ma haka: ya zo jiya, shi ne ya zo, ka ce masa ya zo, in ka kira shi ya zo. Furuci huɗu, rubutu ɗaya. Macen da ake wa magana ta tsira daga wannan, domin "kin tura" daban, "ki tura" daban. Jam'i ma ya tsira: kun da ku, sun da su, an da a. Ajami, da yake yakan nuna dogon wasali, ya fi boko taimako a nan.

Yarbanci na da irin tasa: *o wá* ka zo, *ó wá* ya zo. Ɗan layin da ke kan harafin ne kaɗai bambancin, kuma masu rubutu a waya ba su cika sa shi ba.

Wa ke ɗauke da lokaci?

A Larabci da Turanci aikatau ne ke sauya kama don nuna jiya ko gobe. A Hausa an ɗora wannan kaya a kan ɗan lamirin da ke gabansa: na saya, zan saya, nakan saya, in saya, ban saya ba. *Saya* na zaune, lamiri ke kai da kawowa. Shi ya sa ko an ambaci suna ba a sallamar sa. "Audu ya zo" ake cewa. In ka ce "Audu zo", ka koma kiran Audu.

Akwai kuma aikatau da ke sauya wasalin ƙarshe don ganin abin da ke biye da shi: na sayi goro, na saye shi, goron da na saya. F. W. Parsons na jami'ar Landan ne ya tsara waɗannan rukunai a 1960, amma kowane yaro ɗan shekara biyar a Zango ya riga ya iya su.

Gado ne, ba aro ba

Ɗalibin Markaz, makarantar da Shehu Adam Abdullahi al-Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ta dawo Agege, in Bahaushe ne yakan ga abin da abokin karatunsa Bayarabe ba ya gani. *Kitabuka*, littafinka. *Kitabuki*, littafinki. *Kitabukum*, littafinku. Hausa ta ari ɗimbin kalmomi daga Larabci, har da littafin kansa, amma *ka* da *ki* da *ku* ba su cikin kayan aro. Harsunan biyu daga tsatso ɗaya suka fito, tare da Ibrananci da Amharanci da harshen Buzaye da na Misirawan dauri. Haka *t* ta mace: ita, ta, tawa, daidai da *ta* ɗin da Larabci ke liƙa wa mace. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kafa hujja da irin waɗannan lokacin da ya sa Hausa da 'yan'uwanta na yankin Cadi cikin wannan babban gida, a littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka.

In aka ƙirga wakilan suna masu zaman kansu, Ajuruma, ɗan littafin nahawun da malamin birnin Fas ya rubuta kusan shekara 700 da suka wuce kuma har yau ake biya shi a zaure, ya kawo 12 a Larabci. Hausa na da 8, Yarbanci 6.

Malaman Larabci na kiran mutum na uku *ga'ib*, wanda ba ya nan. Masanin Faransa Émile Benveniste ya ɗauko wannan suna a 1946 ya gina ra'ayinsa a kai: ni da kai ne kawai ke cikin zance, suna musayar wuri duk sa'ad da baki ya koma wani, shi kuwa a waje yake. Malaman balaga sun daɗe da lura da abin da ke faruwa in aka tsallaka wannan iyaka. Fatiha ta fara da ambaton Allah kamar ana ba da labarinsa, a tsakiya sai ta juyo tana magana da Shi kai tsaye. Sunan wannan salo *iltifat*.

Mu ɗin da ke da ƙofa biyu

Bafulatani a Oko-Oba in ya ce *minen*, yana nufin mu ban da kai. In ya ce *enen*, mu har da kai. Dole ya zaɓa, ba ya iya fakewa. Wani limamin kirista ɗan Sifen, Domingo de Santo Tomás, shi ya fara rubuta irin wannan bambanci a 1560, a nahawun harshen Kecuwa na ƙasar Peru. Burokan Papuwa Niyu Gini ma na da shi: *yumi* da *mipela*.

Hausa da Yarbanci da Turanci ba su da shi. *Mu* ɗaya ce, sai mai sauraro ya auna ko yana ciki. In Bahaushe na son rufe ƙofa sai ya ƙara: mu kaɗai, mu ya mu. In yana son buɗewa: mu duka, mu da ku. Wannan magana na taɓa ni, domin yaron da aka haifa a Agege, aka haifi ubansa a Agege, yana rayuwa ne tsakanin *mu* biyu. A Legas akan ce masa "ku 'yan Arewa". In ya je ganin dangi a Katsina a ce "ku 'yan Ikko". Shi kuwa in ya ce "mu 'yan Agege", da gaske yake, kuma ya haɗa da abokinsa Bayarabe da suka yi ƙwallo a layi ɗaya. Ya cancanci a gaskata shi a duk gidajen biyu.

Fulatanci na da wani abin kuma. Bai damu da namiji da mace ba, amma ya kasa sunaye aji fiye da 20, kowanne da wakilinsa: mutum *o*, saniya *nge*, doki *ngu*, ruwa *ɗam*.

Su Audu

"Su Audu sun iso" ba ya nufin Audu da yawa, Audu ne da mutanensa. Bayarabe na yin haka da *àwọn* a gaban suna, mai buroka da *dem* a bayansa. Shi kuma *una* na buroka, wato ku, daga *unu* na Ibo ya fito, kuma bayin da aka kwasa sun haye teku da shi: har yau ana cewa *unu* a Jamaika. Aron wakilin suna abu ne mai wuya a harsunan duniya, amma Ingilishi ma ya yi, domin *they* daga bakin mutanen arewacin Turai da suka mamaye Ingila ya karɓe ta.

Kai da jiki

Bahaushe na cewa ni da kaina, ya cuci kansa. Bafulatani ma kai yake ambata, *hoore*, haka Bahabashe, *ras*, haka mutanen Haiti, *tèt*. Bayarabe jiki yake ambata, *ara*. Balarabe rai, *nafs*.

Wa zai zo?

"Musa ya ce zai zo." Musan ne zai zo ko wani? Hausa ta bar ka da hasashe. Yarbanci ya raba gardama: *ó ní òun máa wá*, shi mai maganar ne zai zo; *ó ní ó máa wá*, wani ne daban. Harshen Ewe na Gana da Togo na da kalma ta musamman, *yè*, da ba ta da wani aiki sai wannan. Daga harsunan Afirka masanin Faransa Claude Hagège ya fito da wannan nau'i ya raɗa masa suna a 1974. Mai yi wa alƙali tafinta daga Yarbanci zuwa Hausa sai ya ƙara "shi da kansa", in ba haka ba shaida ta sauya.

Legas ta cika, gida ya yi nisa

Garuruwa da ƙasashe duk mata ne a Hausa, ko da wane wasali suka ƙare: Kano ta Dabo, Agege ta bunƙasa, Nijar ta yi zaɓe. Ranakun mako ma haka. Yawancin sunayen da suka ƙare da *a* mata ne, amma gida da ruwa da nama da suna sun ƙi. Rana mace, wata namiji, daidai da Larabci da Jamusanci. Faransanci ya juya su. Kaka da jika kuwa sai an liƙa musu wutsiya ake gane su: kakana, kakata.

Dubi *taki*. Harafin farko na gaya maka abin mace ne, ragowar na gaya maka mai shi mace ce. Jinsi biyu a gaɓa biyu. Amma a gidana da motata, ba a san ko mai maganar namiji ne ko mace ba, jinsin kayan kawai aka ji.

Kuɗi ya ƙare ko kuɗi sun ƙare? Duk biyun ana faɗa, kuma na biyun ne tsoho, domin kuɗi jam'in wuri ne, tun zamanin da ake ciniki da shi.

Sai wata *ta* da ba a san mai ita ba. Ta faru ta ƙare. Ta yiwu. In ta ɓaci. Ta leƙo ta koma. A yi ta ta ƙare. Ba wanda ya ambaci magana ko harka ko duniya, amma duk Bahaushe ya san mace ce.

Daga ina aka fito?

Ba sai ka tambayi baƙo garinsu ba, bar shi ya yi jimla biyu. In ya ce "da munka zo, anka ce shina gidanai", Basakkwace ne ko na wajajen Gobir da Adar. Bakano zai ce "da muka zo, aka ce yana gidansa". Wani ya ce masa, wani mishi, wani mai, wani mar. A Zazzau da Bauchi kuwa bambancin jinsi a kan kayayyaki ya yi rauni tun da daɗewa, har ka ji "mota ne" ko "rigan" a bakin wanda ba shi da wani harshe sai Hausa. Hausar zangon Kumasi da Akara ma haka take, haka Barikancin da sojoji suka yi ta yi a bariki. Saboda haka yaron Agege da ya ce "makarantan mu" yana iya kasancewa ya ɗauko ne daga abokan wasansa Yarbawa, yana kuma iya kasancewa daga kakarsa Bazazzagiya ya gada.